Taurin sifirin baya ba shi ne kama titi ba

Na gaji da jin ana cewa in kana son motarka ta kama ƙasa, ka sa mata sifirin mai tauri a baya. Ni ma na taɓa yarda da wannan, har na sa aka ƙara falle ɗaya a sifirin wata akori-kura da nake tuƙawa. Da lodi a bayanta, lafiya lau. Ranar da na fito da ita wayam, na taka totur a kan gargada, sai bayan ya dinga tsalle kamar ɗan akuya, tayoyin suna juyawa a banza, motar ba ta gaba.

Abin da ke haɗa mota da titi bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowace taya. Aikin sifirin shi ne ya danna tayar nan ƙasa, ta bi rami ta bi tudu ba tare da ta rabu da kwalta ba. In ya yi tauri da yawa, tudu kaɗan zai cilla bayan motar sama. Taya kuwa in tana sama ba ta taɓa ƙasa, ko ta miliyan nawa ce, ba ta riƙe komai.

Sai maganar kwana, inda aka fi ruɗewa. Idan ka sha kwana, nauyi yana komawa kan tayoyin waje, kuma ɓangaren da ya fi tauri, gaba ko baya, shi ke ɗaukar kaso mafi yawa. To taya tana da wani hali: in ka ninka mata nauyi, riƙonta ba ya ninkuwa, yana ƙaruwa ne ƙasa da haka. Abin da tayar waje ta samu bai kai abin da ta ciki ta rasa ba. Shi ya sa mota mai taurin baya ita ce bayanta ke fara sulɓewa, ka ga direba na kokawa da sitiyari. Masu tseren motocin da ke ja da tayoyin gaba da gangan suke taurara baya don motar ta juya da sauri, har ka ga Volkswagen Golf ta ɗaga tayar baya ta ciki a kwana. Amma su a filin tsere suke, kwaltarsu sumul, kuma sun san abin da suka saya.

Wani zai ce ai sifirin mai laushi yana sa mota ta tsugunna in an taka totur, nauyi ya ƙaru a baya. Tsugunnawar ido ne ke ganinta kawai. Yawan nauyin da ke komawa baya ya dogara ne da nauyin motar, tsayin tsakiyar nauyinta daga ƙasa, tazarar tayoyin gaba da na baya, da ƙarfin fizgar. Sifirin da shokozoba suna tsara yadda nauyin zai sauka ne, a hankali ko lokaci guda.

Kada kuma a ce na ce laushi ne magani. Sifirin da ya saki yana nitsewa har bodi ya zauna kan robar tsayawa, wato robar da ke tare shi in sifirin ya kai ƙarshen nitsewarsa, daga nan ya fi kowane sifirin tauri, kuma ba ya sallama kafin ya yi hakan. Injiniyoyi ma tun zamanin Maurice Olley a kamfanin General Motors, shekarun 1930, sukan sa baya ya ɗan fi gaba saurin lilo, don motar ta daidaita bayan ta haye tudu. Ɗan fi, na ce.

Masu yanke sifirin naɗi don mota ta yi ƙasa, ku ma ku ji: rage zagayen ƙarfen yana ƙara masa tauri, ga hanyar motsinsa ta gajarce, shokozoba kuma ba da wannan lissafin aka ƙera shi ba.

Ni dai na sa aka cire fallen nan. Bayan motar yana ɗan sauka in na yi lodi, amma tun ranar ban sake jin tayoyin suna kuka a kan gargada ba.