Ku nuna mana juji tukuna, sannan a yi maganar tara

To, mu ƴan Damagaram mun ji sanarwa. Duk wanda aka kama yana zuba shara a kwata zai biya tara. Madalla, Allah ya ƙara basira! Saura ku faɗa mana inda za mu zuba.

Abin da ya ƙona min rai da sanarwar nan ke nan. Matar da ta share tsakar gida da sassafe a Birni ko Garin Malam, ta cika tsohon bokiti, ta ɗora wa yaro a ka, ina zai nufa? Wace rana motar kwashe shara take zuwa? A wace kwana take tsayawa? Ba wanda ya ce uffan. Tara kawai aka sani.

Na ga masu watsa hotunan Kigali, babban birnin Ruwanda, suna cewa mu ƴan Damagaram ƙazamai ne. Ku dakata. Ruwanda ta hana leda tun 2008, ta kuma tsaya a kan maganarta. Mu ma fa a Nijar muna da dokar hana leda tun 2014. Ku shiga kasuwar Dole yau ku sayi magi ɗaya, a baƙar leda za a ƙulle muku shi. Ba sai mun je nesa ba ma, ga Kano nan: Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsayar da zirga-zirga da safe don tsaftar muhalli, kuma suna da hukumar kwashe shara, REMASAB. Ban ce Kano ta yi fes ba, wanda ya je ya gani. Amma Bakano ya san ranarsa. Mu wace rana ce tamu?

Wai mutanenmu ba su iya ware shara ba. Haba! Wa ya fi mu? Gorar roba ba ta kwana a juji, mai zoɓo da mai man gyaɗa na jiranta. Ƙarfe da gwangwani yara sun tsince sun kai kilo. Toka, kashin awaki, ɓawon albasa da turɓayar tsakar gida, wannan taki ne, manoma na kwasa da amalanke zuwa gona kafin damina tun zamanin kakanni. Abin da ya rage shi ne leda, ita ke toshe magudanar ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida, yara su kwana da zazzaɓi. Ita ma a ba mu wuri mu tara ta a gani.

Babu kuɗi? Kada ma a fara. A 2018, lokacin Zinder Sabuwa, wato shirin gyara gari don bikin ranar Jamhuriya da aka yi a Damagaram, mun ga yadda gari ke sheƙi idan manyan baƙi za su zo. Ashe ana iyawa.

Wallahi ba na goyon bayan mai juye shara a kwata cikin dare, gidan maƙwabcinsa yake tura wa ruwa. Amma a sa wurin zubawa a kowace unguwa, a yanke rana, mota ta zo ranar. Bayan nan wanda ya saɓa a ci shi tara, ni zan fara nuna shi.

Af, masu sakin awaki su yini a juji, ku je mahauta ku ga dunƙulen ledar da ake zaro wa daga tumbi. Akuya ta rame ku ce maita ce. Kuma don Allah mai jar akuyar nan da ke shigo mana zaure, ta cinye zogalen Inna saura kara, a zo a ɗaure ta.