"Ka sayi mota kamar kowa," in ji Yallaɓai

Jiya na makara wurin aiki da minti 25, kuma maganar da aka gasa mini a bakin ƙofa har yanzu tana ci mini rai.

Ƙarfe biyar da rabi na bar gida, gari bai gama wayewa ba. Na taka kusan rabin awa kafin in kai bakin titi, don babu bas ɗin da ke shiga unguwarmu. Biyu suka wuce maƙil, na uku na samu na maƙale. A tasha na sake bin wani layin, ruwa ya tsuge, babu ko rumfar fakewa.

Na iske shugaban sashenmu jingine da motarsa, yana juya mukulli a yatsa. Na rusuna na ce, "Yallaɓai, ina kwana?" Bai amsa ba. Ya dubi agogo, ya dubi taɓon da ke takalmina, ya sake duban agogo.

"Malam, kai kullum da labari. Yau kuma mene ne?"

"Ranka ya daɗe, abin hawa ne ya yi wuya."

"Abin hawa? Ba gari ɗaya muke ba? Ni minti 15 ya kawo ni."

Na ce unguwarmu da nisa. Sai ya yi dariya, a gaban masu gadi da masinja, ya ce, "To wa ya aike ka can? Ka dawo kusa mana. Ko ka sayi mota kamar kowa."

Kamar kowa! Mutumin da ke sa hannu a takardar albashina duk wata, ya san adadin sarai, shi ne yake tambayata wa ya aike ni. Kuɗin haya ne ya aike ni, Yallaɓai. Shekara takwas ina wannan aiki, sau uku ina tashi gida, kuma kowace tashi sai na ƙara nisa da gari. Ɗan rangwamen da na samu a haya, kuɗin mota ya lashe shi, ya haɗa da awa huɗu na rayuwata kowace rana. Ina fita 'ya'yana na barci, ina dawowa sun yi barci.

Mai mota ba ya lissafin fita. Tafiya ɗaya zai ajiye yara makaranta, ya biya asibiti, ya yi cefane. Ni kowane ɗaya daga cikinsu kuɗi ne daban, jira ne daban, don haka sai in zaɓi ɗaya in haƙura da saura. An taɓa yi mini tayin aikin da ya fi wannan albashi, na ƙi, saboda ana tashi goma na dare kuma a lokacin babu abin da zai kai ni gida. Ranar da mahaifiyata ta rikice cikin dare, ƙofar mutum uku na buga kafin a samu mai mota.

Amma shi Yallaɓai ƙaramin alhaki ne. Masu tsara birane su ne da babban laifi. Kuɗin jama'a ake zubawa a faɗaɗa titi da gina gadar sama, duk don tsirarun da ke da mota, mai ƙafa kuwa ko gefen da zai taka ba a bar masa ba. Kuma ba a rasa mafita ba. Tun 1974 birnin Kuritiba na Brazil ya ware wa bas hanyarsa ta kansa, Bogota, babban birnin Kolombiya, ta bi sahu a 2000. A 2003 Landan ta sa wa masu shiga tsakiyar gari da mota haraji, ana mayar da kuɗin kan sufuri. Ƙasar Luksambog ta Turai ma ta mayar da motocin haya na gwamnati kyauta a 2020. Abin da ya hana a yi mana shi ne masu yanke hukuncin ba su taɓa tsayuwa a tasha cikin ruwa ba. Ta gilashin mota suke ganinmu, kuma a idonsu mu ne cunkoson.

Kafin azahar aka kawo mini takardar gargaɗi, da gurbin da zan rubuta dalilin makara. Na rubuta sunan unguwarmu, a ƙarƙashinsa na rubuta adadin albashina, na sa hannu na mayar masa.