Baƙon da bai shiga kasuwa ba bai iso Kumasi ba tukuna

Kwanakin baya na kai ziyara gidan ɗan ƙanwata da aiki ya kawo shi Kumasi ta ƙasar Gana daga Kano. Kamfaninsu ya kama masa gida a Ahodwo, unguwar da ma'aikata 'yan ƙasashen waje suka fi zama. Bayan mun ci abinci matarsa ta buɗe min kabad ɗin kicin, sai ga kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, kowanne a ƙulle cikin leda. Duk daga Kano aka aiko su a mota, sun ratso Kwatano da Lome kafin su iso. Ta ce, "Kawu, ai garin nan babu kayan miyarmu." Watansu takwas ke nan a gari, kuma duk cefanensu a Kumasi City Mall suke yi ranar Asabar, a shiga mota a je, a shiga mota a dawo.

Maganar ta tsaya min a rai, domin tsakanin gidan nan da kasuwar Asawase, inda ake jibge daddawa da kuka a faranti, tafiyar ba ta taka kara ta karya ba. Sunan ma bai canza ba, mutanen Gana dawadawa suke cewa. Ban ga laifinta ba, ba a nuna mata ba ne. Amma abin da na gani a gidan nan ya zama ruwan dare tsakanin sababbin baƙinmu masu ilimi da albashi, injiniyoyi da ma'aikatan banki da ɗaliban da ke zuwa jami'ar KNUST daga Najeriya da Nijar. Sun ɗauki irin zaman da muka saba gani wurin Turawan kamfani: gida mai katanga, mota mai sanyi, kanti mai farashi a rubuce. Mutum ya yi shekara biyu a gari bai san sunan mai sayar da tumatir ko ɗaya ba. A ganina wannan asara ce, kuma baƙon ne ya fi kowa yin ta.

Kakanninmu ta ƙofar kasuwa suka shigo ƙasar nan. Fataken goro ne suka riƙa zuwa Salaga, a arewacin Gana, da jakuna, suna kawo kanwa da tufafi da fatu, suna komawa ƙasar Hausa da goron dajin Asante. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, da yawansu suka gangaro kudu, aka kafa zangunan da muke ciki yau. Shaidar wannan cuɗanya tana cikin tukunyar kowane gida. Abincin da Gana ke taƙama da shi, waakye, shinkafa da wake ce, sunan ma namu ne. Haka koko da ƙosai da tuwon zafi, haka kalmar kaya da ke cikin sunan kayayei, 'yan matan da ke dakon kaya a kasuwa. Waɗannan kalmomi sun shiga bakin mutanen Asante ne saboda an zauna rumfa kusa da rumfa shekara da shekaru, ana ciniki, ana faɗa, ana shiryawa, ana halartar jana'izar juna.

Ranar wata Talata na ɗauki matar ɗan ƙanwar tawa muka shiga Kejetia, babbar kasuwar Kumasi. Tun a bakin kasuwa na ga ta ƙanƙame jakarta, ga cunkoso, ga masu amalanke suna ihu a ba su hanya. Muka tsaya gaban wata dattijuwa 'yar Asante mai tumatir da na daɗe ina saye a hannunta. Na ce, "'Yata, gaishe ta tukuna. Ki ce maakye, wato ina kwana da Twi, harshen mutanen Asante." Ta faɗa a ɗarare, matar ta yi dariya ta amsa, ta jawo mata benci. Da aka zo farashi sai matar ta ambaci dubbai, yarinyar nan ta zaro ido ta dube ni. Na bayyana mata cewa tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga kuɗin Gana, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, amma har yau akwai dattawan kasuwa da ke lissafi da tsohon kuɗi. Na nuna mata olonka, gwangwanin da ake auna gari da wake da shi, wato mudun nan ƙasar. Bayan an gama ciniki na ce ta miƙa leda ta ce "to so". Matar ta ɗebo tumatir uku ta ƙara mata. Sai fuskarta ta washe ta ce, "Kawu, ai gyara ce!" Na ce ita ce, suna ne kawai ya bambanta.

Wanda zai ce kanti ya fi masa sauƙi yana da hujja, kuma ba zan raina ta ba. A kanti farashi ɗaya ne ga kowa, a kasuwa kuwa baƙon da harshensa ya tona shi yakan sha tsada a farkon zuwansa. Akwai zafin rana, akwai caɓi idan damina ta kankama, akwai 'yan sane, ga gobarar da ke tashi lokaci zuwa lokaci, irin wadda ta cinye shaguna masu yawa a Adum, tsakiyar Kumasi, a watan Maris na 2025. Ma'aikacin da ke fita da asuba ya dawo bayan magariba ba shi da awa uku da zai ɓata yana taya albasa. Ni ma nakan shiga kanti idan ina neman sabulu ko madarar gwangwani.

Sai dai tsadar farkon zuwa kuɗin makaranta ce, sau ɗaya ake biya. Da zarar mai kaya ta gane fuskarka ta san kai kwastoma ne, lissafi ya juya. Ita za ta ɓoye maka mai kyau a ƙarƙashin tebur, ita za ta ce kada ka sayi doya yau, ka bari jibi motocin Techiman za su shigo. Idan wata ya yi nisa aljihu ya bushe, ta ba ka bashi ba takarda ba shaida. A watan Disamba na 2022, lokacin da hauhawar farashi a Gana ya haura kashi 54 cikin ɗari, na ga gidaje da dama a unguwar Aboabo da wannan bashin na mutunci ne ya hana tukunyarsu kifewa. Ba na jin akwai injin karɓar kuɗi na kanti da zai ɗaga wa mutum ƙafa zuwa ƙarshen wata.

Kasuwa kuma ita ce gidan jaridar gari. Yawancin albasar da ake ci a Kumasi daga Nijar take zuwa, irin ta Galmi, kuma 'yan'uwanmu ne ke sauke ta. Bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 da rufe iyakokin da ya biyo baya, motocin albasa suka maƙale a hanya, buhu ya yi tashin gwauron zabi. Wanda ke zuwa layin 'yan albasa ya san abin da ke tafe tun kafin ya ji a rediyo. Nama kuwa, mahautan zango ka san su ka san yankansu, ba sai ka tsaya kana juya leda kana neman tambarin halal ba.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi, wanda dattawanmu ba sa mantawa. A ƙarshen 1969 gwamnatin Firaministan Gana Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar, dubban Hausawa da Yarabawa da Zabarmawa suka tattara nasu ya nasu. A 1983 Najeriya ta kori 'yan Gana masu ɗimbin yawa. Ko a 2019 an rufe shagunan 'yan Najeriya a Suame da ke Kumasi, bisa dokar zuba jari ta 2013 da ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa. Zaman baƙunta a yankinmu yana da ranar da iska ke juyawa. Na taso ina jin tsofaffi suna ba da labarin maƙwabtan Asante da suka riƙe musu kaya da mabuɗin ɗaki a 1969 har ƙura ta lafa, kuma a duk labarin da na ji, mutanen da aka saba da su ne a rumfa ko a tsakar gida. Takardar izinin zama wajibi ce, kowane baƙo ya gyara tasa, amma takarda ba ta buɗe maka ƙofa da tsakar dare.

Mu 'yan zango ma da namu laifin. Baƙo ya zo daga gida, mu gaisa da shi a masallacin Juma'a mu watse, babu mai cewa zo in kai ka ka ga gari. Wasunmu kuma cinikinsu bai wuce hannun Bahaushe ɗan'uwansu ba, an haife su a Kumasi amma Twi ɗinsu ba ya kai su ko'ina. Wannan ma wata katangar ce, ko da ba ta siminti ba. Da limamai da sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa za su ɗauki karɓar sabon zuwa da muhimmanci kamar yadda masu masauki suka riƙa yi wa fatake a da, da an rage irin kabad ɗin da na gani a Ahodwo.

Makon jiya na bi ta Kejetia, dattijuwar nan mai tumatir ta tare ni tana tambayar ina 'yata, ta ce ba ta gan ta ranar Talata ba, ko lafiya. Na kira yarinyar a waya, ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da ƙaramin ɗanta amma ya ji sauƙi. Da na faɗa wa matar, sai ta ƙulla lemo shida a leda ta ce in kai wa yaron, ta ƙi karɓar ko sisi.