Ku sauke wa 'yan nazare wannan fensirin

Zangon karatu ya kama, takardar kayan da makarantun kuɗi ke miƙa wa iyaye a Sakkwato ta ƙara tsawo. Daga Mabera zuwa Arkilla, daga Runjin Sambo zuwa Gawon Nama, abin da ake nema wa ɗan ajin farko na nazare kusan iri ɗaya ne: littattafan rubutu masu ƙananan layuka ja da shuɗi, dozin na siririn fensir, da littafin jinga da zai riƙa dawowa da shi gida kullum. Yaron da bai iya saka maɓallin rigarsa ba, ana so ya cika shafi da A, ya rubuta 1 zuwa 50 kafin hutu, ya kuma zauna jarrabawa a rubuce. Iyaye na biya suna murna, har wani ya je ya ce, "Malama, jiya ba a ba ɗiyana jinga ba."

Hujjar masu makarantu ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sun manta cewa ɗanyen reshe ma yana karyewa idan aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

A dubi hannun yaron tukuna. Wuyan hannun mutum ƙananan ƙasusuwa 8 ne, kuma jariri da guringuntsi yake zuwa a wurin. Ɗaya bayan ɗaya suke ƙanƙarewa, na ƙarshe sai yaro ya kai wajen shekara 10. Riƙon abin rubutu ma hawa-hawa ne. Ɗan shekara 1 zuwa 2 a dunƙule yake riƙewa, kafaɗa ce ke motsi. Wajen shekara 3 yakan kifa hannu ya miƙe 'yan yatsu, motsin ya dawo gwiwar hannu. Riƙon babban yatsa da manuniya da na tsakiya, wanda yatsun da kansu ke tuƙa fensir, galibi tsakanin shekara 4 da rabi zuwa 6 yake zama. Idan aka tilasta wa ɗan shekara 3 ya sa harafi cikin layin da bai kai faɗin farce ba, dabara ɗaya ta rage masa: ya damƙe fensir da ƙarfi, ya danna har takarda ta huje, ya kwanto da fuska kan tebur. Bayan 'yan mintuna hannu ya gaji, kuka ya biyo baya. Mummunan riƙon nan kuwa yakan bi yaro har firamare, kuma gyara shi ya fi koyar da mai kyau tun farko wahala.

Zane ma da tsarinsa. Yaro yakan fara da layin tsaye, sai na kwance, sai da'ira wajen shekara 3, sai gicciye wajen shekara 4, sannan murabba'i. Karkatattun layuka da alwatika su ne ƙarshe, kusan shekara 5. To, a dubi harafin A: karkatattun layuka biyu ne da na kwance a tsakiya. Wato abin da ake fara ba yaro a makon farko yana cikin mafi wuya a jerin baƙaƙen. K, M, N, W da Z duk haka suke. Malamar da ta san aikinta da l, i, t take farawa, sannan masu zagaye irin o, c, a, kuma ba ta haɗa b da d a mako ɗaya.

Abin takaici shi ne mun gaji tsari mafi hankali daga makarantar allo. Ɗan ƙaramin almajiri da kunne yake farawa, yana bin malam a baki. Sannan a shiga babbaƙu, ya gane baƙaƙe, sai farfaru, ya koyi wasulla. Duk wannan lokacin malam ko wani babban ɗalibi ne ke rubuta masa a allo da manyan baƙaƙe, shi kuma yana bi da yatsa. Alƙalami da tawada sai daga baya suke zuwa hannunsa. Garin da ya yi suna da ilimi tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u bai kamata a koya masa cewa da rarrafe yaro kan tashi ba.

Cika shafi kuma yaudara ce mai sauƙin ganewa. A ɗauki littafin jingar ɗan nazare, a kwatanta layin farko da na ƙarshe. Sau da yawa hannun uwa ne ko na yayarsa, ko kuma an kama hannunsa an ja. Wanda aka ja wa hannu bai koyi inda harafi ke farawa da inda yake ƙarewa ba. Haka bin ɗigo-ɗigo: idonsa na kan ɗigo na gaba, siffar harafin gaba ɗaya ba ta shiga kansa.

Abin da ya dace da ajin 'yan shekara 3 ba ya cin kuɗi. Faranti mai faɗi da rairayi kaurin yatsa ɗaya, yaro ya ja layi daga sama zuwa ƙasa, ya share ya sake. Yumɓu ya mulmula ƙanana kamar fura, ya murza ya yi igiya. Ɓarar gyaɗa, yaga tsohuwar jarida, matse soso daga wannan kwano zuwa wancan, zura manyan duwatsun wuya a zare, malama na tsaye a kai don kada wani ya kai baki. Zane da alli ko gawayi a bango yana ƙarfafa kafaɗa, yana kuma miƙar da wuyan hannu yadda rubutu ke so. Idan an zo kan takarda, a karya alli ko fensirin kala ya zama guntu kamar gaɓa biyu na yatsa, domin guntu ba ya dunƙuluwa, dole yatsu uku su kama shi. 'Yan shekara 4 su fara da sunansu, harafi kamar girman tafin hannu, a takarda marar layi. Layi sai 'yan shekara 5, shi ma mai faɗi. Zaman kada ya wuce minti 10 zuwa 15, ƙafafun yaro a ƙasa, tebur daidai gwiwar hannunsa. A zafin watan Afrilu a Sakkwato, da safe kawai za a samu hankalinsa.

Akwai abu biyu da ake dukan yara a kansu ba bisa haƙƙi ba. Yaronmu da safe yana rubuta boko daga hagu, da yamma a Islamiyya yana bin Larabci daga dama. Idan ya juya 3 ko ya rubuta sunansa a baibai, ba dolanci ba ne. Ko yaran da rubutu ɗaya suke koyo sukan juya haruffa har kusan shekara 7. Maganinsa ɗigo ɗaya a gefen hagu na takarda, a ce masa daga nan za ka fara. Na biyu bahago. Kusan mutum 1 cikin 10 haka aka halicce shi. Koya masa cin abinci da dama ladabi ne na addini, amma ƙwace fensir daga hagunsa da bulala ba abin da yake haifarwa sai rubutu mai karkarwa da tsoron aji. A zaunar da shi a gefen hagu na benci, a karkata masa takarda, a ƙyale shi.

Sai maganar harshe. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin. Wannan zai ƙara wa masu ganin Turanci shi ne ilimi ƙarfin gwiwa, kuma ɗan nazare ne zai fi ɗanɗana kuɗarsa. Hausa yadda ake faɗinta ake rubuta ta. Yaron da ya san ba, be, bi, bo, bu zai iya haɗa baba, ya kalli mahaifinsa ya gane abin da ya rubuta. A nan Sakkwato da Bauchi aka gudanar da shirin Mu Karanta na koya wa yara karatu da Hausa, akwai malaman firamare da aka horar kan koyar da sauti da gaɓa. Ilimin yana cikin jihar, bai dai sauko nazare ba.

Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, saboda haka ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ba su da uzurin kau da kai. Su hana jingar rubutu da jarrabawar takarda ga duk yaron da bai kai shekara 5 ba, masu duba makarantu su shiga azuzuwan nazare su kalli hannun yara. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ta riƙa kiran malaman nazare na makarantun kuɗi zuwa gajeren horo a lokacin hutu, domin yawancinsu ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake riƙe fensir a hannun ɗan shekara 4.