Visconti da gidajen da yaƙi ya tarar sun riga sun ruɓe

Fim ɗin Senso, wanda daraktan nan ɗan Italiya Luchino Visconti ya fitar a 1954, yana buɗewa ne a gidan wasan La Fenice da ke birnin Venis a shekarar 1866, lokacin da birnin yake ƙarƙashin mulkin Ostiriya. Hafsoshin sojan mamaya suna zaune a ƙasa cikin fararen kakinsu suna sauraron waƙa, sai kwatsam 'yan kishin ƙasa da ke can saman bene suka fara watso musu takardu masu launin kore da fari da ja, launin tutar Italiya. Duk wanda ya ga wannan farko zai gyara zama da tunanin labarin jarumta za a ba shi. Abin da ya biyo baya kuwa labarin wata matar babban gida ce, Livia Serpieri, wadda ta kamu da son wani laftanar na sojan mamayar, har ta ɗauki kuɗin da ɗan'uwanta ya ba ta amana domin mayaƙan neman 'yanci ta damƙa wa saurayin, shi kuma ya sayi likita da su aka rubuta masa takardar cewa ba shi da lafiyar zuwa fagen fama.

Na daɗe ina ganin cewa wannan cin amanar shi ne mabuɗin fahimtar Visconti, kuma ya fi gaskiya a duk inda ya bi sawun kuɗi da ciniki fiye da inda ya tsaya nuna fasadi. A finafinansa yaƙi ba ya shigowa gida mai ƙwari ya rushe shi. Yana zuwa ne ya tarar gara ta riga ta cinye azarar, abin da ya rage kawai a jingina da bango. Livia ba ta san yunwa ba, ba a kuma ɗora mata bindiga a ka ba, kishin ƙasarta dai bai kai nauyin sha'awarta ba. Da ta bi saurayin har Verona ta same shi a buge tare da wata karuwa, yana yi mata dariya da gori, sai ta kai ƙararsa wurin shugabanninsa a matsayin wanda ya gudu daga yaƙi, aka harbe shi. Wannan ma ba don Italiya ta yi ba, ramuwa ce ta macen da aka wulaƙanta. A gefe guda kuma ana gwabza yaƙin Custoza, wanda Italiya ta sha kashi a cikinsa a watan Yuni na 1866, amma duk da haka ta samu Venis saboda Furusiya ta karya lagon Ostiriya a wani fagen daban (Furusiya ita ce daular Jamusawa da ta haɗa kai da Italiya a yaƙin). Hukumomin Italiya ba su ji daɗin a tuna musu da wannan shan kashi ba, masu tace finafinai kuma sun sa almakashi a fim ɗin.

Asalin Visconti yana bayyana dalilin da ya sa idonsa ke da kaifi a kan manyan gidaje. An haife shi a Milan a 1906, jinin sarautar da ta taɓa mulkin birnin, mahaifiyarsa kuma 'yar gidan attajirai masu kamfanin haɗa magunguna. Ya koyi aikin fim a Faransa a hannun darakta Jean Renoir, ya dawo gida da ra'ayin gurguzu, kuma a 1944 'yan Fasis, wato magoya bayan mulkin kama-karya na Mussolini, suka kama shi a Roma saboda taimaka wa masu gwagwarmaya da su. Ke nan ɗan sarauta ne da ya yarda cewa zamanin sarauta ya ƙare, amma bai taɓa daina son labulayenta da kwanukanta na azurfa ba. Masu suka sun sha yi masa gori da wannan. Ni kuwa ina ganin a nan ƙarfinsa yake, domin wanda ya tashi cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Babu inda wannan sani ya fito fili kamar a Il Gattopardo, wato Damisa, fim ɗin 1963 da ya ci babbar kyautar bikin Cannes. Labarin yana tsibirin Sisili ne a 1860, shekarar da Garibaldi, jagoran mayaƙan haɗa kan Italiya, ya sauka da mayaƙansa. Yarima Salina, wanda Burt Lancaster ya fito a matsayinsa, ya fahimci cewa juyin juya halin ba zai taɓa talaka ba, ciniki ne za a ƙulla tsakanin masu tsohon suna da masu sabon kuɗi. Don haka ya aurar da ɗan 'yar'uwarsa Tancredi ga Angelica, 'yar wani magajin gari da ya yi arziki dare ɗaya, mutumin da yariman yake ƙyamar ko ganin yadda yake sa kaya. Tancredi kansa ya shiga rundunar Garibaldi da jar riga, ba a jima ba ya sauya ta da kakin sojan sarki, har daga baya ya goyi bayan a harbe tsofaffin abokan gwagwarmayarsa.

Akwai wurare biyu a fim ɗin da ba na mantawa da su. Na farko shi ne lokacin da iyalan yarima suka iso garin Donnafugata bayan doguwar tafiya, suka zarce coci ba tare da sun karkaɗe jiki ba. Kyamara ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya suna jere a kan kujeru, ƙura ta yi musu fari fat, ba mai motsi, kai ka ce gawarwaki ne aka jingina. Na biyu shi ne daren sanar da sakamakon ƙuri'ar raba gardama kan haɗewa da Italiya, inda magajin gari ya fito baranda ya shelanta cewa ba a samu ko ƙuri'a ɗaya ta ƙin yarda ba. Daga baya, wurin farauta, wani talakan mai kiɗa a coci ya fashe wa yarima da fushi cewa shi kam ƙin yarda ya jefa, to ina ƙuri'arsa ta shiga? Mai karatu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan irin wannan lissafi. Sai kuma liyafar rawa ta ƙarshe, wadda ta ci kusan minti 45, inda ake ta fifita da share gumi, har yarima ya leƙa wani ɗaki ya ga an jera tukwanen fitsarin baƙi a cike. Duk wannan ba a nuna tsiraicin kowa ba, amma mai kallo yana fita da warin ruɓar a hancinsa.

Da wannan ma'auni nake duban fim ɗinsa La caduta degli dei, wato Faɗuwar Alloli, na 1969, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin ƙololuwar abin da Visconti ya faɗa game da lalacewar ɗabi'a. Labarin gidan Essenbeck ne, attajirai masu masana'antar ƙarfe a Jamus, waɗanda kowa ya san gidan Krupp na birnin Essen aka kwaikwaya da su. An fara da walimar zagayowar ranar haihuwar tsohon gidan a daren 27 ga Fabrairu, 1933, daren da aka ƙona majalisar dokokin Jamus, kuma kafin gari ya waye an kashe tsohon a kan gadonsa. Rabin farko na fim ɗin aiki ne na gwani: kowa a gidan yana zaton zai hau 'yan Nazi kamar doki ya kai ga kujerar shugabancin kamfani, alhali Aschenbach, jami'in SS, wato rundunar musamman ta jam'iyyar Nazi, shi ne ke riƙe da linzaminsu duka, yana haɗa wannan da wancan har suka cinye juna. Kisan gillar da Hitler ya sa aka yi wa shugabannin SA, dakarun jam'iyyarsa ta Nazi, a ƙarshen Yuni na 1934 ma an nuna shi a matsayin abin da yake, wato share fage domin faranta wa sojoji da masu masana'antu rai.

Inda na rabu da Visconti shi ne wurin da ya tattara dukan mugunta ya ɗora a kan Martin, magajin gidan, wanda Helmut Berger ya fito a matsayinsa. Martin mai lalata ƙananan yara ne, ya kai ga keta haddin mahaifiyarsa, daga ƙarshe ya sa kakin SS ya miƙa mata guba ita da sabon mijinta a ranar ɗaurin aurensu. Ba tsananin munin abin ne kaɗai ya dame ni ba. Abin da ya fi damuna shi ne sauƙin da yake kawo wa mai kallo, domin duk wanda ya ga Martin zai ce a ransa ai waɗannan mahaukata ne, ni ba irinsu ba ne. Tarihi kuwa bai ba da wannan mafaka ba. Mako guda kafin gobarar majalisar, ranar 20 ga Fabrairu, 1933, manyan masu masana'antu, ciki har da Gustav Krupp, sun zauna da Hitler a Berlin suka yi alkawarin zuba kuɗi a yaƙin neman zaɓensa. Dattawa ne masu mutunci a idon jama'a, masu mata da 'ya'ya, waɗanda suka duba littafin ciniki suka ga inda riba take. Irin mutanen da Visconti ya iya zanawa ke nan fiye da kowa, kamar yadda ya nuna da magajin garin Donnafugata, amma a nan sai ya bar su ya bi abin da ya fi ɗaukar ido.

Za a iya cewa ai ba littafin tarihi yake rubutawa ba, mutum ne da ya ƙware a wasan opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, inda komai sai an kambama shi, kuma gidan Essenbeck misali ne na ƙasar da ta juya tana cin 'ya'yanta. Na yarda da rabin wannan hujja. Sai dai misalin ya ƙare da gawarwaki da halaka, kamar dai zunubin ya biya kansa da kansa, alhali gidan da aka kwaikwaya bai ƙare haka ba. Kamfanin Krupp ya yi amfani da dubban mutanen da aka tilasta wa aikin bauta a lokacin yaƙin. Kotun Nuremberg ta yanke wa Alfried Krupp, ɗan Gustav, ɗaurin shekara 12 a 1948 tare da ƙwace dukiyarsa, amma a 1951 aka sake shi, daga baya kuma aka mayar masa da masana'antunsa, ya ci gaba da shugabancinsu har ya mutu a 1967, shekara biyu kafin fim ɗin ya fito.