Sayen suna ba shi ne mallakar shafin intanet ba

Da yawa daga cikin masu halartar tarukan koyon gina shafi, irin su WordCamp, suna fitowa da zaton cewa da zarar sun biya kuɗin suna mai ƙarewa da .com ko .ng, shafi ya samu. Ba laifinsu ba ne, domin kamfanonin da ke sayar da sunan sukan tallata komai a dunƙule. Sai dai wannan fahimtar tana jawo asarar kuɗi da ɓacin rai, kuma abin yana damuna.

Sunan adireshi ne kawai, kuma haya ake yi, ana sabuntawa duk shekara. Rubutu da hotuna suna zaune ne a kan wata kwamfuta mai aiki dare da rana, wato masauki, shi ma da kuɗinsa daban. WordPress kuwa manhajar gina shafi ce ta kyauta da ake girkawa a masaukin.

A ce mai ɗinki ta sayi suna, ta buɗe a wayarta, ta tarar da fanko ko tallar kamfanin. Babu abin da ya lalace. Masauki za ta karɓa, ta kwafi adireshin saba (server) guda biyu da za a ba ta, waɗanda ke haɗa sunan da masaukin, ta liƙa su a saitunan sunan. Canjin yakan ɗauki har awa 48 kafin ya kama ko'ina. Daga nan ta girka WordPress, ta kunna SSL, wato tsarin da ke kare bayanai tsakanin shafi da mai ziyara, in ba haka ba burauza za ta riƙa gargaɗin baƙi cewa shafin ba shi da tsaro.

Ta kuma rubuta ranar ƙarewar kowanne, domin sunan da aka bari bai sabuntu ba, bayan wa'adi wani na iya saye shi.