A ajin Turanci 'yata ta fara neman Gizo

Ranar da 'yata ta fari ta kawo mini takardar zaɓen darussan aji 11, na daɗe ina kallon layin Turanci. An rubuta English First Peoples. Na ce mata, "Wannan kuma wane irin Turanci ne?" Ta ce, "Abba, Turanci ne dai, sai dai duk abin da za mu karanta na 'yan asalin ƙasar nan ne, har da labaran da ake bayarwa da baki." Raina bai so ba. Ni da na baro Malumfashi na zo Kamloops, a lardin British Columbia na Kanada, ina ganin yarinyar da za ta nemi jami'a adabin Ingila ya kamata ta sha ta ƙoshi, irin wanda muka haddace don jarrabawar WAEC. Sai malamar da ke ba ɗalibai shawara ta yi mini bayani cewa tun daga zangon karatu na 2023 zuwa 2024, babu ɗalibin da zai karɓi takardar gama sakandare a lardin nan sai ya ci darasi guda cikakke da ya shafi 'yan asalin ƙasa. Ta ce darasin ba sabo ba ne, tun 2008 aka fara na aji 12, kuma jami'o'i suna karɓarsa daidai da Turancin da aka saba. Na sa hannu ba don na gamsu ba.

Yau na gamsu, kuma ina ganin akwai abin da mu Hausawa ya kamata mu tsaya mu duba a nan.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san jan ginin bulo da ke tsallaken kogi. Makarantar kwana ce da aka buɗe a 1890, aka rufe a 1978. Irinta ne aka yi ta kwasar 'ya'yan 'yan asalin ƙasa ana kaiwa, yara kimanin 150,000 a faɗin Kanada, a raba su da iyaye, a yanke musu gashi, a hukunta wanda aka ji yana yin harshen uwarsa. A watan Mayu na 2021 ne al'ummar Tk'emlúps te Secwépemc, masu wannan ƙasa da muke zaune a kai, suka sanar cewa na'urar binciken ƙarƙashin ƙasa ta nuna wurare kimanin 200 da ake zaton kaburburan yara ne a harabar. Tun kafin nan, a 2015, hukumar gaskiya da sasantawa ta ƙasa ta fitar da kiraye-kiraye 94, kuma gyaran manhajar makarantu yana ciki. Wato makaranta ce ta tsinke igiyar da ke tsakanin kaka da jika, yanzu kuma an ce makaranta ta zo ta taimaka a ɗaura.

Ba jerin littattafan ba ne ya juya mini ra'ayi, ko da yake 'yata ta karanta masu kyau. Wata rana ce a watan Janairu, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, ta dawo gida ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "Abba, yau wata tsohuwa ta zo ajinmu." An janye tebura, an jera kujeru a da'ira. Kafin ta fara, dattijuwar ta faɗi sunanta da na iyayenta da na wadda ta ba ta labarin, da gefen kogin da aka ba ta shi. Ta ce kowa ya kife wayarsa, ba ɗauka, ba rubutu. Ta ce wannan labarin na hunturu ne, da a bazara aka gayyace ta da wani ta kawo. Sannan ta ba su labarin Sk'elép, wata dabba mai kama da dilanmu, mai wayo da haɗama, wanda yakan gyara duniya yau gobe ya jefa kansa cikin wahala. Da ta gama wani yaro ya tambaye ta ma'anar labarin. Ta ce ya tafi da shi gida, in ya girma zai sake jin sa daban.

Ina jin haka sai tsikar jikina ta tashi. Ai wannan Gizo ne. Wannan kuma dokar Iya ce, da ta ce ba a tatsuniya da rana.

Amma kada in rage musu. A wurinsu da yawa daga cikin labaran nan ba tatsuniyar hira ba ce, tarihi ne, doka ce, shaidar mallakar ƙasa ce. Al'ummomin Gitxsan da Wet'suwet'en sun kai gwamnatin lardin nan ƙara a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 58,000, hujjarsu kuwa labaran gidajensu da waƙoƙinsu. Har wata dattijuwa ta tashi ta rera waƙar makoki ta gidansu a gaban kotu, alƙalin ya nuna bai ga amfaninta ba, a 1991 kuma ya yi watsi da ƙarar. Sai a watan Disamba na 1997, a shari'ar da ake kira Delgamuukw, kotun ƙoli ta Kanada ta ce dole a karɓi tarihin baka a auna shi kafaɗa da kafaɗa da takarda. Mu wannan ba baƙon abu ba ne. In rikicin iyakar gona ya kai gaban dagaci, wa ake kira? Dattijon da ya san wanda ya dasa kukar nan, da shekarar da rafi ya sauya hanya. Marokan fada kuwa jerin sarakunan gari yana bakinsu. Mun san darajar baki a gona da fada, a aji ne kawai muka mayar da shi abin wasa.

Sai jinga ta biyo baya. Malamar ta ce kowane ɗalibi ya kawo labari daga gidansu, ya faɗi a bakin wa ya ji, a ina, kuma an yarje masa ya maimaita ko a'a. Ba a yarda a kwafo daga intanet ba. 'Yata ta zauna gabana da littafinta. Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ta yi shiru tana kallona, don ba ta san ana amsawa ba. Na koya mata "ta zo mu ji ta". Na fara na Gizo da hankaki, na kai inda suka ba shi fiffike ɗai-ɗai ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, daga nan zaren ya kuɓuce mini. Na san an ƙwace fuka-fukan, na san akwai kada, amma yadda aka yi ya tsira ya ɓace mini ɗungurungum. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na gane ashe a hannuna igiyar ta tsinke, ba tare da kowa ya tilasta mini ba.

Ranar Asabar muka kira Iya ta WhatsApp. Awa 9 ne tsakaninmu a wancan lokacin na sanyi, mu ƙarfe 11 na safe, su sun idar da isha'i. Da ta ji abin da ake so sai ta yi dariya ta ce, "Nan dai dare ne. Ku da kuke cikin rana sai ku ɗaure Gizo." Ta sa jikarta ta ƙulla bakin mayafinta. Sannan ta fara. Muryar da na sani mai rawa ta tsufa sai ta koma ta Gizo, da tsamin bakinsa, yana nuna kowane nunannen ɓaure yana cewa nasa ne shi ya riga gani. Ta yi kukan hankaki. Ta ja shiru a inda ya faɗa ruwa har yarinyar ta matso da kunnenta jikin waya. Yaran gida da ke kewaye da ita a can suna amsa waƙar, muna jin su. Da ta ce "ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya," 'yata ta ce, "Iya, kin yarda in ba 'yan ajinmu?" Iya ta yi jim, ta ce tunda take ba a taɓa neman izninta a kan tatsuniya ba. Ta ce, "Ki ba su, amma ki ce daga Inna na ji, ita ma a Ƙanƙara aka ba ta."

To mu koma gida. A makarantarmu ta kwana, wanda aka ji da Hausa tara ce a kansa, ko yankan ciyawa. Ba zan haɗa wannan da abin da aka yi wa yaran tsallaken kogi ba, ko kusa. Mu muna komawa hutu mu tarar da harshenmu cike da kasuwa da masallaci da rediyo. Amma darasin da ya shiga ƙwaƙwalwarmu shi ne abin gida ba ilimi ba ne. Hausa kuwa da ake koyarwa a matsayin darasi, yaya ake yi da adabin baka? Na duba littafin ɗan ƙanena da ke aji biyar na sakandare. Ma'anar tatsuniya. Rabe-raben tatsuniya. Amfanin tatsuniya guda biyar. Ya haddace tsaf, zai ci jarrabawa, amma ko sau ɗaya ba a kawo tsohuwa ajinsu ba, alhali in ya leƙa ta taga zai hango gidaje goma da ke da ita. Waƙar niƙa, waƙar daɓe, kirarin mafarauta, duk sunaye ne a allo. Mutanen nan, masu jin harshensu na Secwepemctsín sosai sun rage kaɗan, yawancinsu tsofaffi, suna fafutukar riƙe labaransu ko da cikin Turanci ne. Mu muna da harshen a bakin miliyoyi, masu labarin suna raye, kyauta, mun bar su suna gyangyaɗi yara na kan waya.

Abin da nake so a ɗauka bai buƙatar kasafin kuɗi. Malamin Hausa, har ma na Turanci, ya gayyato dattijuwa sau biyu a zango, a ba ta goro da abin sabulu da kujera mai daraja. A tura ɗalibi ya ɗauko labari a bakin kakarsa ya faɗi silsilarsa. Mu da muka tashi muna jin malamai na cewa wane ya karɓa daga wane, ba sai an koya mana muhimmancin wannan ba. A ba da maki a kan sauraro da bayarwa da baki, ba a kan alƙalami kaɗai ba. In a ajin Turanci ne, a sa yaro ya fassara tatsuniyar, ya yi ta kokawa da yadda zai kai tsamin bakin Gizo cikin wani harshe. 'Yata ta kwana uku a kan haka, kuma ban taɓa ganin ta yi wa Turanci irin wannan naci ba.

Wasu 'yan'uwa a masallacinmu na nan sun nuna damuwa, kuma ban raina ta ba: wasu labaran suna magana a kan asalin halitta ta hanyar da ta saɓa wa aƙidarmu. Na zauna da yarinyar mun tattauna. Ba a ce ta gaskata ba, ba a sa ta wata ibada ba. An ce ta saurari maƙwabci da ladabi ta san yadda yake ganin duniya, kuma ta fito daga ajin ta fi son sanin nata. Inda nake da ƙorafi shi ne duk ajin ya dogara da malami. Inda aka samu mai himma da ya ƙulla zumunci da dattawa, abin yana rayuwa. Inda ba a samu ba, sai a raba takardu a koma irin namu na ma'ana da rabe-rabe.

Akwai kuma abin da ban so in gani ba, amma laifi tudu ne. Da na ce mu ne aka danne, sai na tuna a arewacin Nijeriya sau da yawa Hausa ce babban kifin. A ƙasar Bauci harshen Ajawa ya mutu tun tsakanin 1920 da 1940, masu shi suka koma Hausa. In har za mu kawo kaka aji, to ba kakar Bahaushe kaɗai ba, har da wadda jikokinta ke jin kunyar harshenta a cikinmu.

Matata 'yar Bauci ce. Kakarta da Geranci take mafarki, mahaifiyarta tana ji ba ta mayarwa, ita kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba. Daren da 'yata ta gama shirya na Gizo, ta juya ta ce, "Umma, saura na wajenku." Uwar ta daɗe tana goge tukunyar da ta riga ta bushe. Can ta ce akwai wata gwaggonta da ta rage a ƙauye, ba ta da waya, amma ɗanta yana da ita. Mun kira sau biyu ba ta shiga ba. Ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 11, za mu sake gwadawa.